Ragar da Aka Sa wa Injin Casa

Tunda ka shigo kana kumfar baki, wai mutanen ma'aikatar ƙwadago sun je gidan burodinka sun sa maka ido, to samu wuri ka zauna. Ba na son ƙorafin da babu tunani a cikinsa. Ga misali, in kana da kunnen ji.

An yi wani mai injin casar shinkafa a wani gari na bakin fadama. Gonar gadonsa ya sayar ya sayi injin, don haka bayan Allah ba shi da madogara sai shi. Yana da maza masu ɗura shinkafa, da mata masu sheƙa da tsintar tsakuwa a kan tabarmi, dab da inda bel ɗin injin yake gudu tsirara, ba murfi ba shamaki. Da gangan suke barinsa haka, domin in ya zame sai a sa sanda a mayar da shi, ba sai an kashe inji ba. Ana tsakiyar kaka, aiki ya yi aiki, sai labari ya iske shi cewa jami'in ma'aikatar ƙwadago yana zagaya wuraren sana'a, kuma saura ƙiris ya iso kansa. A saninsa ɗan gwamnati ba ya taka wurin sana'a sai da ɗayan biyu, ko ya karɓi rabonsa, ko ya garƙame ƙofa da kwaɗo. Sai ya yi dabara irin ta marar gaskiya. Ya sa aka share wurin tas, aka yayyafa ruwa, ya kashe inji, ya kora matan cikin ɗakin ajiya, ya ce kada wadda ta yi ko tari. Ya ware buhun shinkafa mai kyau ya jingine a gefe. Abu ɗaya ya manta. Matan nan ba sa shiga inda aka ajiye abinci da takalmi, ko da gobara ake yi. Ga silifas ɗinsu nan jere reras a bakin ƙofa.

Jami'in ya iso, wani siririn mutum mai furfura a gemu. Ya yi sallama, ya dubi injin, ya dubi takalman, ya ce, "Alhaji, ina masu waɗannan? Ko aljanu ke yi maka sheƙa?" Aka buɗe wa matan, suka fito suna atishawa, ƙaiƙayi har gira. Jami'in bai ɗaga murya ba. Ya ce a tayar da inji, kowace ta zauna inda ta saba zama. Ya daɗe tsaye yana kallon yadda iskar bel ke kaɗa bakin mayafin wata dattijuwa da ke zaune kusa da shi, sannan ya ce a kashe. Hukuncinsa gajere ne: a kira mai walda ya yi wa bel ɗin ragar ƙarfe, a ja tabarmi baya, kuma injin nan ba zai sake tashi ba sai an yi. Da aka nufi motarsa da buhu, ya ce a mayar, ya baro abinci a gidansa. Wannan ne ya ƙara ɗaga hankalin mai inji. Ya ce a ransa, wanda ya raina buhu ai injin yake so ɗungurungum. Mai walda na ta ƙwanƙwasa, manoma na wucewa da kayansu zuwa injin ƙetaren hanya, shi kuwa yana zaune yana cizon yatsa, yana yi wa jami'in Allah ya isa. Ba don ya yarda ya yi ragar ba, tsoro ne ya sa shi. Jami'in ya dawo, ya kama ragar ya girgiza, ya ce madalla, ya kama hanyarsa. Mai inji ya yi ta jiran inda tarkon zai ɓullo, shiru.

Wata ranar kasuwa yana waje wajen awo, sai ya ji ƙara kamar an harba bindiga, injin ya yi gurnani ya mutu. Ya san bel ne ya tsinke, ya kuma san wadda ke zama kusa da shi. Kafin ya kai ƙofa ya riga ya hango makara, ya hango 'yan sanda, ya hango kwaɗon nan da ya daɗe yana gudu. Da ya leƙa, ga bel ya nannaɗe a cikin raga kamar mataccen maciji, ƙarfen ya lotsa ya turo ciki waje, daidai saitin kan dattijuwar. Ita kuwa tana zaune da faifanta a hannu, ko ƙwarzane babu. Ta ɗago kai ta ce, "Alhaji, ka tsaya kana zare ido. A nemo wani bel mana, rana tana yi." Mutumin ya sulale a kan buhu, ya ɗora hannu a ka, bakinsa ba ya iya komai sai alhamdu lillahi. Kafin la'asar an ɗaura sabon bel, inji ya tashi, mata suka ci gaba da sheƙa.

To ka ji. Ba na wanke gwamnati, tana da nata laifin. Amma wanda aka ɗora wa nauyin ya duba cewa mai fita neman abinci ya koma gida da hannuwansa biyu, in ya nuna maka ɓaraka, ba dukiyarka yake hari ba. Tashi ka je ka yi abin da suka ce. Hausawa sun riga sun faɗa: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.