Koren Ƙyalle

"Baffa, miƙo hannunka," in ji 'yar ƙaninsa, ta ɗaura masa koren ƙyalle. "Ranar Asabar, da mawaƙiyar ta hau dandamali, mu dubu sittin za mu ɗaga shi lokaci guda. Na saya maka tikiti, kar ka kawo min zancen ciwon gwiwa!"

Gahawarsa ta huce a gabansa. Daga bayan gonakin inabi ana jiyo gwajin lasifika a filin tseren motoci.

Shekara goma sha tara rabonsa da taɓa kore. A da shi ne mai ɗaga tuta a lanƙwasa ta bakwai a filin tseren. Kore na nufin hanya ta buɗe, direbobi su ba mota wuta. Ya ɗaga, ashe ƙaninsa na tsakiyar titi yana tsintar ƙarfe, mota ta kashe shi nan take. Lokacin yarinyar tana cikin uwarta. Hatsari ne, iyakar abin da aka gaya mata ke nan.

"Ɗaga mana mu gani, tsoho!"

Sai da ya fara leƙa titin ƙofar gida. Ƙaninsa na nan a duƙe, bai gama tsintar ba.

"Dakata," ya ce a hankali. "Akwai mutum a hanya."