Gwangwanin Inna

Ranar da aka sallami Baba daga asibiti, hankalin ɗansa Tela ba ya wurin. Yana kan ɗinkin mutane. Kwana tara keken ɗinki a rufe, waya sai ruri take yi a aljihu.

Baba kuwa ya samu sauƙi har baki ya dawo. Yana zaune a bakin gado yana tsokanar mai jinya. "'Yata, ke zan yi kewarki. Allurarki dai ta gai da gida."

Likita ya miƙa wa Tela takarda, ya ce kada ya tafi sai mai ba da magani ta yi masa bayani.

Layi har bakin matattakala. Da ya kai taga, matar ta duba takardar, ta ɗago kai.

"Maganin tsinka jini aka rubuta masa. Akwai wanda yake sha a gida?"

"Akwai."

"Wane iri?"

"Ƙanana ne. Suna cikin gwangwani."

"Malam, gwangwani ai ba sunan magani ba ne. Shigo ka zauna, ka kira gida a ɗauko mana hotonsu. Minti biyar."

"Malama, ni tela ne ba likita ba. Ba ni kawai, mai mota na jira."

Ta riƙe ledar maganin ba ta saki ba. "To kada ya haɗa da na gida sai na gani. Kuma in kun ga jini a..."

Waya ta yi ƙara. Ya fizgi ledar, ya kara wayar a kunne. "Wallahi gobe za ka samu kayanka." Sauran maganarta ta bi iska.

Shekara shida Inna ce ke ba Baba magani. Ba ta karatu, amma ba ta taɓa tsallake rana ba. Takan ɓare ƙwayoyin ta zuba a tsohon gwangwanin madara, ta san kowanne da launinsa. Ja da safe, fari bayan abinci. Yanzu ga shuɗi ya shigo.

Da suka isa gida ta tambayi Tela, "Ɗan nan, me suka ce?"

"Ɗaya kullum."

"Tsofaffin fa?"

Yana sa takalmi ya amsa. "Duk magani ne, Inna. A ci gaba."

A kwana na shida Baba ya tofar da jini wajen wanke baki. Ya yi dariya, ya ce haƙoran ne suka fara neman ritaya. Tela ya ce in ya rage aiki zai mai da shi a duba. Aiki bai ragu ba.

A kwana na tara, da hantsi, kofin shayi ya suɓuce daga hannun Baba. Ya buɗe baki zai yi magana, bakin ya karkace.

Da aka mai da shi asibiti, likita ya ce jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa. Ya ce a kawo duk abin da yake sha.

Tela ya ajiye gwangwanin a gaban tagar nan. Yau ba ya sauri. Mai ba da magani ta juye shi a kan farar takarda. A ƙasa akwai guntun tsohon kwali da Inna ta ninke. Ta karanta, ta ware ƙwaya biyu, fari da shuɗi, ta tura masa.

"Wannan da wannan abu ɗaya ne. Kamfani ne kawai ya bambanta. Ninki biyu yake sha."

Ba ta yi faɗa ba. Ina ma ta yi.

Baba bai mutu ba. Yana nan a kujerar falo, ɓarin dama a mace, yawu na zuba. Mutumin da ba a raba shi da barkwanci, yau ko ruwa da ido yake roƙo.

Inna ta daina taɓa magani. Kullum in tana goge masa baki sai ta ce, "Da hannuna na ba shi."

Tela yakan ji. Har yau bai gaya mata zancen minti biyar ɗin ba. Ɗinkin kuwa an karɓa, an sa, har ya koɗe.

Mai karatu, sallama ba ta cika a bakin gado, sai a tagar mai ba da magani. Ka kai masa tsofaffin magungunan gida, ka zauna, ka saurara har ya gama. Minti biyar ɗin da ka hana shi, wani ne zai biya da sauran rayuwarsa.