Ranar Farko a Ɗakin Gwaji

Malamar kimiyya tana shirin kunna murhun gwaji sai wata ɗaliba ta yamutsa fuska.

"Malama, wani wari nake ji."

"Kabejin kakarki ne ya biyo ki a riga!" in ji ta kusa da ita. Aji ya kwashe da dariya.

Shekara biyu annoba ta zaunar da su a gida, suna haɗa sinadarai a kwamfuta, inda wuta ba ta ƙuna, gas ba ya wari. Rabon da a buɗe bututun gas na ɗakin nan tun kafin annobar. Tagogi kuma a rufe gam saboda dusar ƙanƙara.

Malama ta shaƙi iska. Ba ta ji komai ba. Tun da ta tashi daga jinyar cutar hancinta ya daina aiki, ta kuwa ɓoye wa shugaban makaranta don kada a raba ta da ɗakin.

"Ku fita ɗaya bayan ɗaya," ta ce a hankali. "Kada wanda ya taɓa komai."

"Haba Malama, tsoro kike ji?" Gwanar ajin ce daga teburin baya, da akwatin ashana a hannunta. "Sau ɗari na yi gwajin nan a gida. In bai yi ba, ai sai mu sake."

Malama ta buɗe baki za ta yi ihu, amma ƙyastawar ta riga ta.