Begilar Mujtaba

A tsakiyar taken makaranta begilar Mujtaba ta shaƙe. Ya sake hurawa, iska kawai ta fito. Leɓɓansa sun bushe kamar ɓawon gyaɗa. Ustaz Abdussalami, malamin badujala, ya ɗaga hannu aka tsaya, Mujtaba ya ajiye begilar ya ruga bayan aji yin fitsari.

Tun bara likita a garin Rufa'a ya ce ciwon sukari gare shi. Ya koya masa yi wa kansa allura, ya hana shi zaƙi, ya ce kwalbar magani ta zauna wuri mai sanyi. Ƙauyensu babu wuta, sai Mujtaba ya haƙa mata gurbi a cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ya bar rake, ya bar dabino. Ko a bikin suna ba ya kallon faranti.

Iya, kakarsa, ita ta raine shi tun rasuwar uwarsa. Kowace safiya ita ce farkon tashi. Kafin ya dawo daga masallaci ta dafa masa shayi ba sukari, ta ɗauko kwalbar ta naɗe a gefen mayafinta. Ba ta iya kallon allurar. Takan miƙa masa ta kau da kai, tana yi masa faɗan ya bar wanka da sassafe, kada sanyi ya kama shi.

Duk da haka yaron sai ƙara ramewa yake. Wandon badujala ya fara zame masa. Ƙishirwa ba ta barinsa, rubutun allo ya koma masa hazo-hazo. Da suka koma Rufa'a aka gwada jininsa, likita ya dubi mahaifin Mujtaba, Malam Jibirin, ya ce yaron da ke yin allura kullum ba ya kaiwa haka sai in yana satar zaƙi a ɓoye.

 Sai da suka sauka daga mota bakin hawasha, gonar audugarsu, Malam Jibirin ya tambayi Mujtaba abin da yake saya a ƙofar makaranta.

"Wallahi Baba ban taɓa ba."

"To likita ne ke ƙarya?"



Ana shirin faretin ranar 'yancin kai, Mujtaba ne zai buɗe da begila a gaban manyan baƙi. Ya roƙi Ustaz ya yi masa haƙuri, ya ce zai riƙa zuwa da gorar ruwa. Ustaz ya yarda. Ranar gwaji na ƙarshe, rana na tsaka, ya yi amai ya faɗi a fili. An ɗauke shi a bayan motar auduga, begilar kuma aka ba wani yaro.

A asibiti ma'aikatan jinya ne ke yi masa allura daga firij ɗinsu. Cikin 'yan kwanaki sukarin ya sauka, idonsa ya washe, har ya nemi abinci. Likita ya ce to ga shi nan: maganin ɗaya ne, abin da ya canza kawai shi ne a nan babu mai sayar masa da alewa. Malam Jibirin ya sunkuyar da kai don kunya. Mujtaba ya juya fuska bango, don shi kansa ya fara tunanin ko ya ci wani abu ya manta.

Aka sallame shi da sabuwar kwalba da gargaɗin cewa in ya sake faɗuwa irin wannan, ba lalle ya tashi ba. Ustaz ya aiko cewa ya huta da busa sai baɗi. A gida Iya kaɗai ta ce ta yarda da shi, jikanta ba ya ƙarya. Mujtaba ya binne kwalbar a gindin randa da hannunsa.

Da gari ya waye ya tafi masallaci. Iya ta hura gawayi, ta tono kwalbar, ta ji ta sanyi ƙalau har cikin yatsunta. Ta girgiza kai, ta jefa ta cikin tafasasshen ruwan shayi kamar yadda take yi kowace safiya, don kada wannan sanyi ya shiga jinin jikanta.