Ɗumin Gidan Baba

Ranar da farashin masara ya faɗi warwas a kasuwar Chicago, wani dillalin hatsi ya yi arziki. Tun ba ta yi goyo ba ya sayar da dubban buhunan da bai mallaka ba bisa alkawarin kawowa da kaka, sai ga shi ya saya da araha ya cika alkawari.

Da hunturu ya je gonar mahaifinsa. Ɗakin ya yi ɗumi, ƙauri na tashi.

"Baba, ka samu gawayi ke nan?"

"Ina fa. Matso, ɗan birni."

Tsohon ya buɗe murhu, ya juye kwandon masarar da ya noma.

"Bana ta fi gawayi araha. Wasu a garinku suka yanke mana haka. Ka san su?"

"A'a, Baba," ya ce, yana kallon wutar.