Tsakanin Layi Biyu

"Mai farar hula, matso ciki mana!" Na faɗa har muryata ta dushe.

Tun da na wanke hoton biki ya fito babu kan ango, na ja layi biyu a gilashin kyamarata: layin waje iyakar babban hoto, layin ciki iyakar ƙarami. Yau hoton iyali nake ɗauka, mai farar hular, saurayin autarsu, ya maƙale tsakanin layukan. Da ya matso, sai uwar ta mayar da shi gefe.

Raina ya ɓaci. "Mama, a ƙaramin hoto ba zai fito ba fa!"

Ta leƙa gilashin, ta rage murya. "Madalla. In an ɗaura aure, ka wanke babba. In ya gudu kamar na bara, ƙaramin ya ishe mu."