Dutsen da Bai Shekara Ba

Tun da tsaunukan Biu suka fara hayaƙi aka kafa doka: duk wanda ya tono baƙin dutse sai ya kai shi ofishin awo, na'ura ta faɗi shekarunsa da zurfin da ya narko. Inna Tabawa ta gaji da wannan doka. Ga shuka na jiranta, ga ta a layi da dutse ƙunshe a zani.

"'Yar nan, dutse kuma har da shekarun haihuwa?" ta ce wa Rifkatu mai awo. "Ni kaina ban san nawa ba."

Rifkatu ta yi murmushi, ta ɓantari kaɗan ta sa a na'ura. "Kada ki damu, Inna. Na yankinku duk sun haura shekara miliyan. Yanzu za ki tafi."

Sai murmushin ya ɗauke. Ta sake gwadawa.

"Inna, wannan bai shekara ba. Daga can ƙarƙashin ƙasa ya taso, kwanan nan. A ina kika same shi?"

"Bayan ɗakina. Sallame ni, rana na yi."

"Dole ku tashi daga gidan yau."

Tabawa ta yi tsaki. "In bar gidan da na binne mijina saboda dutse? Irinsa fa sun cika tsakar gida. Da su ma na gyara murhu, jikokina na can suna ɗumama tuwo. Ko itace ba ma sawa, wurin da kansa yake zafi."

Rifkatu ta jawo waya, ta fara kiran masu agaji.